Malam Kudu Ndanusa da Kuɗin Watan Barkin Sale

Rai na Allah ne, shi ya bayar, shi kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya so. Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Malam Kudu Ndanusa ya rasu a gidansa da ke Tudun Wada, Minna, bayan jinyar da ta ɗauke shi tun tsakiyar damina. An yi masa salla bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Ɗansa Suleiman ne ya kira ni a waya. Bai ja magana ba, ya ce, "Mama, Baba ya cika."

Sunana Rifkatu Yona, ni tsohuwar malamar firamare ce a unguwar Barkin Sale da ke Minna. Ni Kirista ce, 'yar Gbagyi. Marigayi kuwa Musulmi ne, Banufe, asalinsa daga wajen Bida. Na rubuta wannan ne domin mutane da yawa sun san shi a matsayin mutumin da ke rabon kuɗi duk ƙarshen wata, amma kaɗan ne suka san abin da ya sha kafin kuɗin su samu.

Malam, na fara saninka ne a ƙauyenmu, lokacin kana malamin gona, kana zuwa a kan tsohon babur ka duba wa manoma irin doya. Kakan zauna a gindin mangwaro da mahaifina ku yi ta musu a kan taki, ka ci tuwonmu, ka tafi. Daga baya aiki ya raba mu. Sai da muka yi ritaya dukkanmu muka sake haɗuwa a Minna, gashin kowa ya yi fari.

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, kaya suka yi tsada har mutane suka daina tambayar farashi don gudun ɓacin rai, ka zo gidana da wata magana. Ka ce ka ga Magdalene, maƙwabciyata wadda mijinta ɗan acaɓa ya mutu a haɗari, tana tsaye a bakin titi tana sayar da shinkafar tallafi da aka raba musu, a ƙasa da kuɗinta na kasuwa. Ka tambaye ta dalili, ta ce maganin hawan jininta ya ƙare, mai kemis kuwa ba ya karɓar shinkafa. Abin ya tsaya maka a rai. Ka ce mini masu bayarwa kullum su ne ke zaɓa wa talaka abin da yake bukata, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawararka mai sauƙin faɗa ce. A zaɓi gidaje mafi rauni a unguwa, a riƙa ba kowane gida kuɗi daidai wa daida a ƙarshen kowane wata, ba tare da an tambayi abin da za a yi da su ba, ba kuma za a ce a dawo da su ba. Ka nace a kan cewa muhimmin abu shi ne tabbas, wato mutum ya kwana da sanin cewa ranar kaza wani abu zai shigo hannunsa, ya iya tsara rayuwarsa a kai. Muka kafa ƙaramin kwamiti, da limami da fasto a ciki. Da masu bukata suka fi ƙarfinmu, ka ce a jefa ƙuri'a a gaban kowa don kada a ce an yi son kai. Mutanen unguwa ne suka raɗa wa abin suna Kuɗin Wata.

Watannin farko da abin da ya rage na kuɗin sallamarka daga aiki aka yi su. Matarka, Hajiya Rukayat, ta sani, ta kuma yarda. Amma ka san wannan ba zai yi nisa ba, sai ka shiga yawo. Ka tsaya a masallatai bayan Juma'a, ka shigo cocinmu ranar Lahadi da hularka ka yi bayani a gaban jama'a. Wani malamin jami'a a Bosso ya taimaka maka da rubuta takardar neman tallafi da Turanci, ka ɗauke ta har Abuja a motar haya, ka bi ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Wasu suka ce ba sa ba da kuɗi a hannu, sai horo. Wasu suka ce aikin ya yi ƙanƙanta. Kusan ko'ina tambaya ɗaya ce: idan aka ba mutum kuɗi bai yi aikin komai ba, ba zai zama malalaci ba? Amsarka ba ta canzawa. Kakan ce su zo Barkin Sale da asuba su nuna maka malalacin.

Ko a cikin kwamitinmu an yi wannan ƙorafin. Wata tsohuwa ta karɓi kuɗinta ta sayi sabuwar atamfa, wani daga cikinmu ya kawo ƙara cewa a cire ta. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka tambaye shi ko ya san rabon matar nan da zuwa biki ko suna. Bai sani ba. Ka ce ta daɗe tana ɓuya a ɗaki saboda ba ta da zanen fita, kuma mu ba iyayenta ba ne. Ba a sake tayar da maganar ba.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne daga wani ɗan siyasa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya aiko a gaya maka zai ɗauki nauyin shekara guda cur. Sharaɗinsa shi ne a buga hotonsa a jikin ambulan ɗin da ake sa kuɗin a ciki, a tara masu karɓa a fili a gaban masu ɗaukar hoto, a kuma bar wa yaransa wasu gurabu a jerin masu karɓa. A lokacin asusun ya kusa ƙarewa. Kwamiti ya rabu biyu, ni ina cikin masu cewa a karɓa, domin yunwa ba ta san hoto ba. Ka ce hoton ba shi ne ya dame ka ba. Abin da ya dame ka shi ne, ranar da aka bar mutum ɗaya ya zaɓi wanda zai ci, daga ranar kowace mai karɓa za ta fara tsoron abin da za ta faɗa a bakin rijiya. Muka yi musu mai zafi. A ƙarshe aka bi ra'ayinka da ƙyar.

Bayan haka kuɗi suka ƙare. Wata biyu ba a ba kowa komai ba. Ba ka aiki kowa ba, kai da kanka ka bi gidajen da ƙafa, cikin zafin bazara, kana gaya musu gaskiya. Na raka ka gidan Magdalene. Ta shimfiɗa maka tabarma, ta kawo ruwa, ta ce da ka aiko da saƙo ma ya wadatar. Ka ce, "Da bakina na yi miki alkawari, da bakina zan gaya miki na kasa." Muka kamo hanyar gida. Na san kana tunanin ko ni ce da gaskiya, ni ma ina tunanin ko kai ne. Har yau ban yanke ba, domin na ga abin da watannin nan biyu suka yi wa wasu gidajen.

Mafita ta fito ne daga inda ka fi sani. Ka je kasuwar doya wurin Alhaji Sheshi, shugaban dillalai. Ba ka roƙe shi kuɗi ba. Ka roƙi karyayyiyar doya, wadda ke fashewa wajen sauke kaya daga mota, wadda ake sayarwa a wulaƙance kafin ta ruɓe. Ka ce a tara maka ita wuri ɗaya, za a fere, a yanka, a shanya, a niƙa ta zama garin amala, a sayar wa masu gidajen abinci. Alhaji Sheshi ya yi dariya, ya ce ka dawo wani lokaci. Ka dawo washegari, ka zauna a rumfarsa kana taya shi hira. Haka ka yi ta yi har dillalai suka saba da kai, suna ajiye maka kujera. Shi da kansa ya gaya mini ranar jana'iza cewa kunya ce ta kama shi, ganin dattijo kamarka yana tsintar gutsuren doya a ƙasa yana kakkaɓe mata ƙasa. Ya tara mutanensa suka amince.

Da wannan garin Kuɗin Wata ya dawo. Masu aikin fera da shanya ana biyansu ladansu daban, ka kuma hana a tilasta wa masu karɓar Kuɗin Wata shiga aikin, don kada kyauta ta koma ƙwadago ta bayan gida. Daga baya ƙungiyar masu Keke Napep ta unguwar ta fara kawo tata gudummawar duk mako, ba don an roƙe ta ba.

Ziyarata ta ƙarshe gare ka, kana kwance, muryarka ta yi ƙasa. Ba ka yi maganar ciwonka ba. Damuwarka ita ce watannin da doya ke yankewa a kasuwa, da abin da za a riƙe asusun da shi kafin sabuwa ta fito. Ka lissafa mini mutanen da ba a gwada zuwa wurinsu ba tukuna: masu injin niƙa, da mahauta, da 'yan unguwar da ke aiki a Legas. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, har yanzu ba mu toshe wannan giɓin ba. Abin da ke hannu zai kai mu ƙarshen rani. Bayan nan sai abin da muka nemo.

Ranar sadakar uku, matan da ke karɓar Kuɗin Wata suka zo gidanka tare, Musulmi da Kirista, Magdalene na gaba. Sun yi shawara a tsakaninsu cewa za su bar kuɗinsu na wannan watan a yi maka sadaka da su. Hajiya Rukayat ta saurare su tana share hawaye. Ta ce, "Ku riƙe abinku. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne don kuɗin nan su isa hannunku. Ba zan zama wadda ta fara mayar da su ba." Sai suka ɗaura ɗamara suka shiga madafa, suka karɓi girkin baƙi daga hannun dangi har yamma.

Malam, ni da kai ba alƙibla ɗaya muke fuskanta ba, amma Allahn da ka bauta wa ya ga abin da ka yi. Ina roƙonsa ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rukayat, da Suleiman da ƙannensa, da dangi na Bida da na Minna, da dillalan kasuwar doya, da gidajen Barkin Sale da za su ga ƙarshen wata ya zo ba tare da sallamarka a ƙofa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya ba mu ƙarfin ƙafar ci gaba da neman da ka fara. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.