Waƙar Niƙan Kakata

Ina da shekara tara, wata Alhamis da hantsi cikin damina, ina durƙushe ina tare wa kakata Iya gari a gidanmu na Kwarbai. Tana niƙa tana rera waƙar da ba ta da wata sai ita, ta yarinyar da ta je wanki kududdufi, ruwa ya riƙe ta. Yarinyar yayar Iya ce, Lami, sunanta take kira a ciki. Takan ce uwarsu ce ta ƙaga waƙar, don ba a ga gawa ba, balle a yi kabari.

Sai muka ji an karɓa daga bakin zaure, murya iri ɗaya, amma cikin wani yare. Wata Banufiya ce mai tallar awarwaro, ba mu taɓa ganinta ba. Dutsen Iya ya tsaya cak.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki waƙar gidanmu?"

"Ta gidanku? Iya, tun kakannin kakannina ake yin ta a bakin kogin Kwara. Har matan Fulani na ji suna yi, sai dai tasu rijiya ce. Amma ke a rabi kike tsayawa. Ina amsar yarinyar?"

Iya ta ce ba ta san da wata amsa ba. Matar ta rera ƙasa-ƙasa, sannan ta juya mana da Hausa: yarinyar na roƙo a daina kiran sunanta, don duk kira sai ta farka, ta sake jin sanyin ruwan.

Shekara hamsin Iya na kiran Lami kowace safiya. Daga ranar, shiru take niƙa har ta koma ga Allah.

Yau inji ke niƙa, kududdufin ma an cike shi an yi gidaje. Bara Malam, mijina, ya rasu, kuma tun da na fita takaba waƙar ke taso mini, da sunansa a inda na Lami yake. Na san malamai sun ce mamaci addu'a yake so, ina kuwa yi masa. Duk da haka in ta zo bakina sai na haɗiye, ina hawaye. Ba wanda ya rage a danginmu ya san baitocinta sai ni, ban kuma bari a rubuta su ba. Gara ta bi ni kabari da in tashe shi.