Gidaje Tara a Bangon Mangaza

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara ko kalma guda ba. Shekaru kaɗan da suka wuce ina aiki ƙarƙashin yayana, Yaya Habu, wanda ke ba da hayar kayan sauti a Damagaram, mu ne biki mu ne suna. A shekarar ya je Kano ya sayo na'urar lazer ta hannu, irin mai zana rubutu da furanni a bango da haske kore da ja, ya haɗo da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai manhajar sarrafa ta. Da yake ni ne na ɗan zauna a lakwal, wato makarantar boko, sai ya jibga mini ita ya ce in koya. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara tafiya kamar injiniya.

Bari in ɗan yi muku bayani don ku gane abin da ya biyo baya. Hasken nan ba fitila ba ne, in ya shiga idon mutum kai tsaye ƙona shi yake yi kafin ya ƙifta. Saboda haka a cikin manhajar akwai wani allo da aka rarraba gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida yana daidai da wani wuri a bango. Gidan da ka baƙanta, haske ba zai je wurin ba. Aikina na farko a kowane biki shi ne in baƙanta layukan ƙasa duka, har sama da kan mutum mafi tsawo, sannan in gyara girman zane da ƙarfin haske. Akwai kuma jan maɓalli na tsayar da na'urar nan take, amma tamu ta zo babu shi, mai ita na farko ya haɗe wayoyin. Na yi wa Yaya Habu magana sau biyu, ya ce wai tsoro ya yi mini yawa.

To sai wani Alhaji ɗan Damagaram mai shago a kasuwar Gure ya kira mu auren ɗansa Lawali. Muka loda kaya tun da safe, muka tsaya Gidigir muka sha fura, kafin azahar mun isa Gure. Wurin da aka ba mu wata tsohuwar mangaza ce a bayan gidan Alhajin, doguwa, babu taga sai ƙofar ƙarfe ɗaya, an ce da can hatsi ake tarawa ciki, ta yi shekaru a rufe, sai a makon nan aka share ta saboda biki. Na ji daɗinta, domin in an ja ƙofa duhu ne ƙirin ko da rana tsaka, ba sai na jira dare ba in yi gwaji. Muka hau tsani muka ɗaure na'urar can sama a jikin ƙarfen rufi, muka ja wayar wuta zuwa gurup, injin ba da wuta da muka ajiye a waje bayan ginin saboda ƙara.

Ga kuskurena, ba zan ɓoye ba. Ni da uwata ta raine ni a kan kada in zubar da ruwan zafi a ƙasa sai na yi bisimilla, kada in shiga ɗakin da ya daɗe a rufe sai na yi sallama, ranar nan ban yi ko ɗaya ba. Na shiga ina waya, na ajiye tebur, na kunna, na watsa hasken gwaji a bangon ƙurya da ƙarfinsa duka.

Zanen gwajin raga ce ta layuka kore, ya kamata ta cika bangon daga saman kai zuwa rufi. Ta cika, amma a gefen dama, can sama inda hannu ba ya kaiwa, akwai wani gurbi baƙi da hasken bai taɓa ba. Na ɗauka datti ne a gilashi, na hau na goge, yana nan. Da na duba allon ordinatar sai na ga gidaje tara a baƙance, huɗu a ƙasa, uku a kansu, biyu a sama, kuma na rantse da Allah ba ni na baƙanta su ba. Na goge su, hasken ya cika bango, na juya in sha ruwa, ina waiwayowa sun dawo. Na kashe ordinatar na kunna, na sake adana saitin, na yi haka ya fi sau biyar. Da na tsaya na ƙare wa gurbin kallo sai na ga siffarsa ta mutum ce zaune ya haɗe gwiwa, kamar wanda ya hau kan tarin buhuna, ga shi kuwa babu buhu ko ɗaya a mangazar.

Ana haka wata tsohuwa ta turo ƙofa da kwanon abinci, Iya Falmata, ƙanwar mahaifiyar Alhajin. Ta yi sallama da ƙarfi tun daga bakin ƙofa, ba kuma mu take kallo ba. Ta ajiye kwanon, ta ɗaga kai ta dubi bangon, ta daɗe.

Ta ce, "Ɗana, wutar nan taka tana ƙuna?"

Na ce, "Iya, in ta shiga ido tana ƙuna."

Ta ce, "To ai shi ma ido gare shi. Ya nuna maka mazauninsa, bai ce ku fita ba, bai ce ku fasa ba. Ka bar masa wurinsa, ku yi bikinku."

Ta fita abinta. Ni dai a raina na riga na yarda, gidaje tara a cikin ɗaruruwa me za su rage mini? Matsalar ita ce rubutun. Alhaji ya ce a rubuta barka da aure da sunan ango, babba, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma gurbin ya faɗa daidai kan ƙarshen sunan ya cinye shi. Na ce wa Yaya Habu bari in rage girman rubutun in matsar da shi hagu. Ya ƙi. Yaya Habu mutumin kirki ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, amma in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Ya ce, "Kai, don maganar tsohuwa za ka ƙanƙance mini aiki a gaban Alhaji? Na'ura ce ta tsufa, ba wani aljani. Ka buɗe wurin nan."

Na ce, "Yaya, na buɗe, komawa yake yi."

Ya ce, "To ka nemo yadda ba zai koma ba, me aka sa ka lakwal ka yi?"

Na san yadda ake yi, abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Akwai wurin da ake kulle gidaje a buɗe don kada a taɓa su bisa kuskure. Da na ce masa ban iya ba, da magana ta ƙare a nan. Amma ban saba yi masa gardama ba, kuma zancen lakwal ɗin ya sosa ni. Bayan la'asar na goge gidajen tara, na danna kulle. Koren haske ya cika gurbin, sunan Lawali ya fito cif, Yaya Habu ya yi dariya ya buga kafaɗata, ya kunna kiɗa da ƙarfi don gwada bafal, manyan akwatunan sautinmu, ya tafi gindin bangon yana gyara zaman ɗaya daga cikinsu. Ya ba na'urar baya, kuma yana cikin layukan ƙasa da na baƙanta, inda haske ba shi da ikon zuwa.

Ban fi minti biyu da zama ba na ga gida ɗaya a layin ƙasa ya yi fari a allon. Sai na biyu, sai na uku, har tara, huɗu da uku da biyu, siffar nan dai, amma yanzu ita ce a buɗe. Na ɗaga kai, ga haske ya sauko ƙasa a kusurwar hagu, inda ban taɓa barinsa ya je ba. Sai siffar ta fara tafiya a allon gida-gida, a hankali, ba gaggawa, tana nufar dama inda Yaya Habu yake durƙushe.

Innalillahi. Na sa yatsa, kibiyar ordinatar ta ƙi motsi. Na danna duk abin da na san ana dannawa, babu. Na fizge wayar da ta haɗa ordinatar da na'urar, wallahi tallahi ga wayar a hannuna tana lilo, hasken bai mutu ba, allon ma bai daina nuna tafiyar ba. Na'urar tana can sama, mun fitar da tsanin, gurup yana bayan gini, jan maɓalli babu. Hasken ya hau kan bafal, ya hau kafaɗarsa, ya kwanta a bayan rigarsa, shi bai ma sani ba yana ta kaɗa kai da kiɗa.

Ku ji inda na kashe kaina. In da na yi shiru, bayansa kawai zai taɓa. So nake in ce kada ya juyo, ya rufe ido, amma abin da ya fara fita daga bakina sunansa ne. Na ƙwala, "Yaya!" Kuma a daidai lokacin kiɗan ya ɗauke ɗif, muryata ta cika mangazar. Ya juyo yana murmushi.

Ƙara ɗaya ya yi ya dafe idonsa na dama ya zauna a ƙasa. Nan take na'urar ta mutu da kanta. Da na dubi allon, layukan ƙasa duk baƙi ne yadda na bar su, gidaje taran nan kuma sun koma mazauninsu na sama, duk da kullen da na sa.

Muka kai shi likita a Gure, suka ce sai Damagaram, a can aka ce tsakiyar ganin idon ta ƙone, ba ta dawowa. An yi bikin Lawali da fitilu kawai. Da zan kwashe kaya washegari na tsaya a ƙofar mangazar na yi sallama sau uku kamar wawa, bayan aikin gama ya gama. Iya Falmata tana zaune a inuwa tana tsince wake, ta dube ni, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Wani mai gyara ya duba na'urar da ordinatar, ya ce bai ga komai ba sai tsufa. Wataƙila haka ne, ni ban sani ba. Na cire gilashin na'urar na fasa, ban bari an sayar wa kowa ba.

Yaya Habu bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake shi ya sa ni. Amma bayan wata biyu muna zaune a ƙofar gida da hantsi, ya rufe idonsa mai lafiya da tafin hannu ya fuskance ni. Na ce me yake gani. Ya ce gefe da gefe yana ganin komai, ga bishiya ga mota, amma a tsakiya akwai wani baƙin abu, faɗi a ƙasa, siriri a sama. Ya ce, "Kamar mutum zaune ya haɗe gwiwa. Duk inda na duba yana nan, yanzu ma a kan fuskarka yake." Shi kuwa bai taɓa tsayawa ya kalli siffar gurbin nan ba, sunan ango kawai yake dubawa.

Don haka 'yan'uwa masu wannan sana'a, ku gyara jan maɓallinku kafin ku bar gida, ku yi sallama a ɗakin da ya daɗe a rufe ko da ba ku ga kowa ba, in kuma kuka tarar da gurbin da ba ku kuka rufe ba, ku matsar da rubutunku. Ni har yau in zan kira yayana daga baya, sai in zagaya in tsaya a gabansa tukuna, ta gefen hagu, inda zai iya ganina.