Gishirin da ba na miya ba

Cikin matata na fari yana wata takwas ta fara ganin taurari. Ranar tana tsince shinkafa a tsakar gidanmu a Auyo, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, in na kalle ka sai in ga taurari suna yawo."

Ni kuwa a lokacin na haddace 'yan waƙoƙin soyayya da ake rerawa a kasuwa. Na wuni ina gyara hula. Ƙafafunta sun kumbura, awarwaro ya kama hannunta, kanta na sara, amma duk na ɗauka ƙauna ce ta yi mata yawa.

Gwaggonta ce ta sa mu a kwalekwale, don ruwa ya cinye hanya. A asibitin Hadejia, zamanin Turawa na nan, wata ungozoma Babarbariya ta ɗaura wa matata ƙyallen awon jini a damtse ta hura. Sannan ta ɗumama fitsarinta a 'yar kwalba, ya kame kamar farin ƙwai.

"Jininta ya hau," in ji ta. "Taurarin nan jijjiga ce ke sallama. In ta shigo, tana iya tafiya da uwa da ɗa. Sai gishiri."

Gwaggo ta miƙe. A wurinsu gishiri ciwon mata ne da ake yanka da aska. "Da na sani ai da wanzami muka zo."

Ni kuma na ce bari in ruga kasuwa, gishirin Bilma ko mangul?

"Ku zauna ku biyun," in ji ungozoma. "Gishirin Turawa ne, irin wanda ake sha don wankin ciki. Nata an tace, allura za a yi."

"Wa ya ce yana yi?" in ji Gwaggo.

"Idona. Na ga waɗanda muka riga jijjigar, na ga waɗanda ta riga mu."

Gwaggo ta ce ba a sa wa 'yarta abin da ba ta ɗanɗana ba. Kafin a ankara ta ɗauki moɗa ta kamfato na shan daga tulun malamin ba da magani na asibitin, ta shanye. Ta yatsina fuska ta ce, "Da ɗaci. A yi mata."

Aka yi allurar. Ungozoma ta dinga zuwa tana ƙwanƙwasa gwiwar matata, tana lura da numfashinta. Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba, tana can bayan asibiti da buta har la'asar.

Jijjiga ba ta zo ba. Bayan kwana biyu matata ta sauka, aka sami 'ya mace.

Da aka bar ni na leƙa, na sassauta murya na ce, "Taurarin fa?"

Ta dube ni da kyau. "Sun tafi, Malam. Kai kaɗai ne. Hularka ma a karkace take."