Zumar Gidan Kande Mai Alewa

Shekara ashirin da shida Hajiya Kande ta yi tana dafa alewa a gidanta da ke gindin Goron Dutse, kuma duk tsawon lokacin nan ba ta da abokan faɗa kamar ƙudan zuma. Da ta ɗora tukunyar sukari sai su sauko su kewaye murhu, ita kuma ta ɗau mafici tana kora tana mita. Haifaffiyar Shahuci ce, a wurin kakarta ta koyi sana'ar, aure ya kawo ta wannan unguwa. Da alewar madara da ta gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Mijinta, Malam Isyaku, malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum mai haƙuri da komai in ban da abin da ke harbi.

Wata Laraba da hantsi, damina na ban kwana, ta zaga bayan madafi ɗauko itace sai ta ji ƙugi daga wata tsohuwar randa da ke jingine a gindin goba. Ta leƙa, ta ga zuma cure wuri guda, girman ƙwarya.

Malam Isyaku ya tsaya can bakin zaure ya ce, "A sayo fiya-fiya a fesa musu."

"Haba Malam, baƙi ne fa," in ji ta. "Ko korarsu za a yi, a bari su huta."

Ita kanta ba ta san abin da ya sa ta faɗi haka ba. Ta dai jawo kujera ta zauna daga nesa tana kallon shigarsu da fitarsu, har alewar ranar ta kusa kamawa.

Ranar Asabar sai ga Malam Jibrin, mutumin wajen Rano da ke kawo mata gyaɗa, wanda kuma ya gaji kiwon zuma. Da ya ga randar ya girgiza kai.

"Hajiya, mu sai mun turara amya, mun rataye a bishiya, mu yi wata biyu muna jira. Ke kuwa har gida suka biyo ki."

Da ya dawo mako na gaba ya zo da amyar katako mai murfi. Ya busa musu hayaƙi, ya kwashe su a hankali ya mayar ciki, ya nuna mata sarauniyarsu, doguwa fiye da sauran. Ya ce tun da sababbi ne, ba su da ajiya, sai ta riƙa ba su ruwan sukari kafin su kafu.

Nan Kande ta yi dariya. Ita za a koya wa sukari? Ta dafa shi sosai har ya yi ja ya yi kauri, ta zuba 'yar citta da kanumfari don ƙamshi, ta juye a faranti ta ajiye musu. Washegari ta tarar kusan ba su taɓa ba, waɗanda suka gwada kuwa sun maƙale sun mutu. Abin ya taɓa mata rai ƙwarai. Ta buga wa Jibrin waya ta faɗa masa yadda ta yi.

Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "Kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki motsa ya narke. Ki jefa guntayen kara a ciki su sami wurin tsayawa. Shi ke nan."

"Wato duk iyawar nan tawa ba sa so."

"Ba sa so, Hajiya."

Haka ta yi, kafin la'asar sun shanye tas.

Sai kuma tururuwa ta gano hanya. A nan ne Malam Isyaku ya shigo cikin lamarin, duk da dai daga nesa. Ya bincika a wayarsa, ya ce a tsoma ƙafafun teburin amyar cikin gwangwanaye masu baƙin mai. Gwangwanin madara kuwa ba ya yankewa a gidan mai alewa. Da dabarar ta ci, sai ya fara matsowa, kullum taku ɗaya. Ran wata Juma'a ya sha babbar riga, ya fesa turare, ya tsaya yana yaba aikinsa, wata zuma ta same shi a leɓe. Da kumburarren baki ya tafi masallaci, kuma ya fi wata guda yana ba da labarin a majalisa, kowane karo zumar na ƙara girma.

Maƙwabciyarsu Uwa ta yi ƙorafin ƙudan zuman suna damunta a bakin famfo. Kande ta ba ta haƙuri, ta ajiye musu bahon ruwa da duwatsu a ciki, ta kuma kafa zana mai tsayi gaban amyar don su riƙa tashi sama kafin su tsallaka katanga.

Da bazara, bayan mangwaro da darbejiya sun yi fure, Jibrin ya zo suka buɗe. Kande ta ɗaga saƙa ta farko, nauyinta ya ba ta mamaki. Ta gutsura ta sa a baki.

"Yaya?" Malam Isyaku ya tambaya daga cikin hular gidan sauro da ya ɗinka wa kansa.

"Ta fi tawa," ta ce.

Ba ta sayar da ko cokali ba a shekarar. Gida-gida ta aika da ita a layinsu, Uwa ta sami kwalba mafi girma.

Yau amya uku gare ta, biyu a saman soro. Makon jiya ta raba ɗaya gida biyu da hannunta, sai da ta gama ta sanar da Jibrin. Ya ce kada ta buɗe sabuwar sai bayan sati uku, ta ba su dama su yi sarauniya. Ta daure zuwa yanzu, kwana tara ke nan.