Shinkafar Juma'a a Naif

Da na bar koyarwa a Kano na faɗa Dubai, wajajen 2011, aikin da na samu shi ne ɗinkin buhu a wani shagon kago, masu aika kaya gida, a unguwar Naif. 'Yan kasuwa su saro takalma da jakunkuna su kawo mana, mu auna, mu ɗinke. Mai shagon, wani Alhaji ɗan Maraɗi, shi ke ɗaukar alƙalamin maka ya rubuta sunan mai kaya a jikin buhu. Wannan aikin ba ya barin kowa ya taɓa.

Mutumin kirki ne, amma shinkafarsa ta Juma'a ta ishe ni. Ana saukowa daga masallaci za a baje faranti a shago, kowa ya zo ya ci kyauta. Ni ne mai dahuwa, ni ne mai wanke-wanke, a ranar hutuna ɗaya tilo. Mutanen da ko buhu ɗaya ba su taɓa kawo mana ba su cika ciki, har da neman ƙarin yaji.

Kuma ba sadaka yake yi ba. Akwai wata da ya nema a Maraɗi tun yana gyaran babur, ita da kanta ta zaɓi wani mai hali ta aura. Ya ji ta fara zuwa Dubai saro kaya. Lissafinsa shi ne duk Bahaushen da ya sauka Naif zai ji labarin shinkafar, wata rana ita ma za ta shigo ta ga yadda ya zama.

Ina da wani tsohon littafin Amurkawa da na zo da shi, labarin mutumin da ya tara dukiya saboda matar wani, ƙarshensa bai yi kyau ba. Na riƙa ba shi labarin da Hausa ina ɗinki, da nufin ya ga kansa a ciki. Ya saurara tsaf har na kai ƙarshe.

"Malam," ya ce, "mutumin nan gaggawa ce ta cuce shi. Patience ce ba shi da ita."

Wallahi kamar in soka masa basilla. Na ɓata yawuna a banza, na ma ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Sai ga ta kuwa, wata Juma'a, da 'yan dako biye da ita. Hajiya ce sosai, waya biyu a hannu. Alhaji ya miƙe har ya yi tuntuɓe da sikeli. Ta gane shi, ta yi dariya, ta tambayi lafiyar tsohuwarsa. Ashe shekara da shekaru tana zuwa, shagon da take kai kaya lungu biyu ne tsakaninmu, kuma ta san da shinkafar. Abin da ya kawo ta, an ce kilonmu ya fi sauƙi.

Na ɗinke buhunan. Ya ɗauki maka, ya fara harafin farko na sunanta.

"A'a, Alhaji," ta ce, "sa sunan maigida. Shi zai karɓa."

Ina tsaye ya goge. Ya rubuta sunan mutumin nan baro-baro, buhu bayan buhu, da kyakkyawan rubutunsa na 'yan lakwal, bokon Nijar. Ta ci loma biyu, ta ce yalla, mota na jira.

Na ce a raina khalas, yau an huta, ni da shi. Har tausayinsa ya kama ni, na haɗa masa shayi. Ya daɗe yana kallon farantin da ta bari.

"Malam, ka ga ba ta ci da yawa ba," ya ce. "Juma'a mai zuwa ka rage yaji."