Ƙwaryar da Ta Gangaro daga Rogo

Kakata Iya Abu 'yar ƙasar Rogo ce, aure ya kawo ta Kwanyawa ta Karaye. Shekara da shekaru kakanmu Malam ba ya kiranta da komai sai "'yar kwari". A cewarsa Rogo rami ce, shi ya yi taimako ya jawo ta kan tudu. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ga shi ba ta da hujja, don ba wanda ya taɓa auna tudun garuruwan nan. Sai ta mayar da ramuwarta cikin tatsuniya.

Da an sauke tuwo bayan magariba mukan kewaye murhu, ta binne mana gyaɗa a toka mai zafi. Malam yana bayan zana a kan buzunsa, wai lazimi yake.

"Ga ta nan ta taso daga Rogo," in ji Iya.

"Ta gangaro mu ji ta!" Haka ta koya mana amsawa, mu kuwa ba mu san faɗa muke taya ta ba.

Wai mutumin Karaye da mutumin Rogo ne suka yi gardama a kasuwa. Na Karaye ya ce a garinsu sai an sunkuya, in ba haka ba wata ya ture wa mutum hula. Na Rogo ya ce su kajinsu taurari suke tsattsaga. Da abin ya kusa zama dambe, aka kai su wurin wata tsohuwa gurguwa wadda ba ta taɓa taka ko ɗaya daga garuruwan ba. Ta ba kowa ƙwarya, ta na Rogo ja, ta na Karaye baƙa. Ta ce ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kowa ya saki tasa a rafin bayan garinsu. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka wadda ta baƙunci garin ɗayan, garin mai ita ne a sama.

Kwana biyu sai ga jar ƙwarya tana lilo a rafin Karaye. Baƙar kuwa ta juya wa Rogo baya ta yi gabas. Mai ita ya bi ta da gudu ya tsamo, ya ɗora a ka, ya nufi Rogo a ƙafa don ya sake ta a ɓoye. Ya iso yana haki, harshe waje. Matan da ke wanki suka ce, "Sannu baƙo, hawan tudun ne ya wahalar da kai haka?"

A nan Malam yakan kasa daurewa. "Ƙarya ne! Iska ce ta kaɗo jar!"

"Af, Malam, ashe an shafa lazimin?"

Mu fashe da dariya har gyaɗa ta ƙone.

Yau aikina ke nan, tsara wa manoman rani hanyar ruwa. Ina zaune a ofis nake dangwala wuri a taswirar waya, ta faɗa mini tsayinsa daga teku, ban taka ba. Dabarar gurguwar nan ce, sai dai tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin ƙwarya.

Da na je gida bara, Iya ta ji labarin aikin ta kama hannuna. "Maigidana, tambayar mini abin nan naka. In rami ce, ka faɗa mini a kunne."

Ni kuwa ban taɓa dubawa ba. Malam, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, ya gyara zama. Na dangwala Kwanyawa, na dangwala ƙauyensu Iya, na sake dubawa. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Rogo ce a sama."

Iya ta rangaɗa guɗa da muryar da na ɗauka ta ƙare tuntuni. Ni kaina sai da na ji ƙwalla.

Malam ya ce, "To ai shi ke nan. Ashe ba jawo ki na yi ba, gangarowa kika yi da kanki."

"Gangarowa na yi," in ji Iya, tana tura masa ƙwaryar fura. "Da ka sha tsiyarka kai kaɗai, don dai komawar hawa ce."