Jirgin Babana da Kwanon Inna

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, kowa a ƙasar Bagudo murna yake yi, mu da maƙwabtanmu na Dahomey da suka ɗan riga mu. Ni kuwa ina kwance a tabarma, ƙafafuna sun daina jin maganata. Maɗaci muka je sarewa za a sassaƙa jirgi, ya karkace ya same ni a gadon baya. Aka kai ni wani asibiti a ƙetaren iyaka, na daɗe can, na dawo da keken guragu mai ƙafafun basukur biyu, wanda ake turawa da hannu.

Mu masunta ne, a wani ɗan ƙauye bakin kogin Kwara ta wajen Kaoje. A wurinmu ba a zuwa gaida majinyaci hannu rabbana, kuma ba a mayar da kwano da saura. Gidan nan tuwon shinkafa, gidan can fura da nono, wata ta aiko waina tana ninƙaya cikin man shanu. Ni kuma ba aikin fari ba na baƙi, sai zama a rumfa da buɗe kwanoni. Ina ci ina godiya, ina godiya ina ci. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Kai, madalla, jiki ya yi kyau!" Har ga Allah da zuciya ɗaya suke faɗa.

Kwanon da ya fi kowane nauyi na Inna ne, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun ina yaro ba ta kama sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana sai ta bakin wani. Da na ji rauni ma ba a ga hawayenta ba. Sai dai kullum ta shigo ta dire kwano, ta dubi bango, ta ce wa matata, "Ce ma wancan shi cinye." Duk abin da ba ta iya faɗa mini, a cikin kwanon nan take zubawa, shi ya sa yake cika har murfi ya ƙi zama.

Kafin shekara ta zagayo na zama wani abu daban. Keken yana kuka in na zauna. Da can da kaina nake ɗaga jikina daga tabarma in hau, yanzu sai matata ta tallafe ni tana nishi. Baya ya fara yi mini gyambo saboda zama wuri ɗaya. Numfashi ma sai na roƙe shi.

Wata rana Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo ya zauna yana ta kame-kame. Maganar jirgin marigayi babana ce ta kawo shi. Tun da na faɗi jirgin yake kife a kan yashi, rana tana cin sa, ya soma tsagewa. Ƙa'idarmu kuwa ba a barin jirgi ya mutu a tudu, wani a dangi ake ba.

Ya ce, "Ɗana, ba ƙeta ta ba. In ruwa ya zaka bana, ɗan'uwanka za a ba jirgin ga."

Na ce, "Baffa, tuƙi da ƙafa a ka yi nai?"

Ya dubi tumbina, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Da hannu a ka yi. Amma wa ka ɗaukar ka zuwa ciki? In ka shiga da kanka kafin ruwa shi cika, naka na."

Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. A cikin jirgin nan na koyi zama kafin in koyi tafiya. Akwai wurin da tafin hannun babana ya goge a gefensa har yana sheƙi. Ban iya tunanin in zauna a rumfa in ga wani ya wuce da shi ba.

Matata ce ta samo dabara, Allah ya jiƙanta, ba ta da tsoron kowa. Ta sa aka gicciya gora mai kauri a saman rumfa, in kama in ɗaga jikina. Farko ko motsi ban yi ba, gorar ce ma ta lanƙwasa. Ta ɗauko filafilin babana, abin tuƙi, ta ɗaure ni jikin keken da zane don kada in kife, ta ce in tuƙa. Ina tsakar gida ina tuƙa iska, kaji na gudu, maƙwabta na leƙe ta kan darni suna tambaya ko na kusa Yawuri. Nakan ce su kauce kada in fantsama musu ruwa.

Saura kwanoni. Mayarwa cin fuska ne, zubarwa kuma zunubi. Sai muka shirya: da hantsi ta jera mini su a cinya, in tura keke da kaina har mashigar jirgi. Wanda bai taɓa tura keke cikin yashi ba bai san wuya ba. Tafin hannuna ya yi kanta, kafaɗuna kamar an zuba barkono. In na isa, abokaina masunta su kewaye ni su share kwanonin tas, su gasa mini kifi, in haɗa da dafaffen zogale da ɗan loma na tuwo. Kowa ya samu kwanonsa a wanke. Ina kewar zaman nan har yau, warin komar kamun kifi da hayaƙin banda, da Zabarmawa masu wucewa suna ɗago mana hannu.

Ƙauye ba ya ɓoye magana. Inna ta ji cewa tuwonta a cikin wasu yake kwana. Ta shigo ba kwano, ta tsaya ta dubi bango, ta ce wa matata, "Ce ma wancan, in hannuna ya gundure shi, shi hwaɗi." Na yi bayani, na kawo zancen jirgi da na gyambo, ta fita ina cikin magana. Daga ranar kwanonta bai sake shigowa ba. Yunwa ba ta taɓa yi mini zafi kamar rashin kwanon nan ba, amma ban fasa ba.

Damina ta wuce, kogi ya soma kumbura, don a wajenmu sai bayan damina Kwara take cika. Rigunana sun yi mini yawa, keke ya bar kuka, ina kama gora in tashi sama har in leƙa kan rumfa. Aka toshe tsagar jirgin, aka tura shi bakin ruwa. Baffa ya zo, mutane suka taru kamar ana rabon kifi. Na kawo keke daf da jirgin, na dafa daidai inda hannun babana ya goge, na yi bisimilla na cilla jikina. Na faɗa ciki a karkace, na jawo ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya. Ba kyan gani, amma ba wanda ya taɓa ni. Baffa ya juya baya yana gyaran hula.

Ina shirin turawa sai ga Inna ta ratso mutane, ta tattare zane ta shigo ta zauna a gaba, ta ba ni baya. Ba ta ce a kai ta ko'ina ba. Na tuƙa. Hannuwana sun tuna komai, jirgin ya miƙe sumul. Muka yi nisa har muryoyin mutane suka ɓace, ba matata, ba wanda za a aika da magana.

Can tsakiyar ruwa ta juyo. Ta dube ni sosai, a fuska, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ce, "Ka rame."

Sai ta zaro kwanon daga ƙarƙashin mayafi ta turo mini, murfin ya ƙi zama kamar kullum. Na ajiye filafili, ruwa yana jan mu a hankali, na cinye shi tas tana kallo.